A dawo mana da kailula: barci da aiki a ƙasar zafi

Kowace safiya a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kamar yadda ake yi duk inda Bahaushe ya kafa zango, mutum biyu za su haɗu, wannan ya ce ina kwana, wancan ya ce lafiya lau, a ce ina gajiya, a amsa da cewa ba gajiya. Amsa ce ta ladabi da godiya ga Allah, kuma ba na neman a sauya ta. Sai dai idan bazara ta kankama a watan Maris da Afrilu, nakan dubi idon mai ce mini ba gajiya in tarar ya yi jawur kamar gauta, yana danne hamma da bayan hannu tun ƙarfe 9 na safe ba ta yi ba, alhali shi ne zai yini yana ƙirga kuɗin mutane, ko yana ɗinka musu tufafi, ko yana ɗauke da su a bayan babur. Ra'ayina shi ne ƙarancin barci yana cin aikinmu a wannan yanki fiye da yadda muke lissafawa, mafi yawansa kuma ba lalaci ne ya kawo shi ba, kuma gyaran da ya fi kusa da hannunmu shi ne masu ba da aiki su mayar da kailula, wato ɗan barcin tsakar rana, cikin tsarin yini, su daina ɗaukarta a matsayin satar lokaci.

Ni aikina riƙe littafin lissafi ne a wurin wani ɗan kasuwa mai sayen masara da gyaɗa da albasa yana turawa kudu. Wata shekara cikin Afrilu, bayan an yi dare uku a jere babu wuta a unguwarmu, na rubuta buhu 54 a inda ya kamata in rubuta 45, aka biya mai kaya kuɗin buhu tara da bai kawo ba. Allah ya sa mutumin kirki ne, washegari ya dawo da kuɗin da ƙafarsa. Kuskure kam, ɗan Adam ajizi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na duba lissafin nan har sau biyu kafin in sa hannu, kuma duk dubawar idona ya ga daidai. Da a ce an tambaye ni a ranar, da na rantse cewa garau nake.

Daga baya na gane ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2003 wasu masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji, inda suka raba lafiyayyun mutane gida-gida, wasu aka ba su awa 8 a gado kowane dare, wasu awa 6, wasu awa 4, har tsawon mako biyu, ana auna natsuwarsu da saurin amsawarsu kullum. Kafin mako biyun su cika, masu awa 6 sun koma suna aiki kamar mutumin da ya yi kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Amma idan aka tambaye su yadda suke ji, sai su ce ɗan barci kaɗan ne kawai a idonsu. Wato rashin barci yakan fara ne da lalata sikelin da mutum yake auna kansa da shi, shi ya sa ban cika yarda da mai bugun ƙirji yana cewa shi awa 4 ta ishe shi, jikinsa ya saba ba. Gajiyar ce ya saba da ita har ya manta yadda rashinta yake. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2015 cewa baligi ya riƙa samun awa 7 ko fiye a kowane dare, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake magana a kansa.

Barcin ma ba dunƙule ɗaya ba ne. Yana zagayawa ne hawa-hawa, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare guda, barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, barcin mafarki kuma ya fi yawa gab da asuba. A cikin waɗannan zagaye ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, kuma a 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester sun nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan da ke wanke dattin ƙwaƙwalwa ya fi gudana sa'ad da dabba take barci. Saboda haka wanda ya yi awa 7 a kan tabarma yana farkawa kowane rabin awa don ya yi fifita ko ya kori sauro, bai samu abin da mai awa 7 a jere ya samu ba, ko da agogo ya ce sun yi daidai.

Mu yi lissafin namu daren. Muna tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5, a wasu watanni ma kafin 5 ɗin. Wanda yake son awa 7, dole barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe 10. Ana idar da isha'i wajen 7 da rabi zuwa 8, ke nan tsakanin isha'i da asuba akwai kusan awa 9, abin da ya isa har da rara. To ina suke tafiya? Wani kaso mu muke zubar da shi da hannunmu, kuma ba zan wanke mu ba. Akwai majalisar shayi da ba a tashi sai an sha na uku. Akwai ƙwallon zakarun Turai da a lokacin hunturu ake farawa ƙarfe 9 a tashi kusan 11, sannan a tsaya bakin gidan kallo ana musu a kan bugun da alƙalin wasa ya hana. Akwai waya, wadda mutum zai kwanta da ita da niyyar duba saƙo ɗaya a WhatsApp, sai ya farga ƙarfe 1 ta yi yana TikTok. Hadisin Abu Barza da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta, kuma malamanmu suna karanta mana shi, muna ji muna gyaɗa kai, mu fita mu hura gawayin shayi.

Amma idan aka tsaya a nan an zalunci mutane da yawa, domin akwai wanda zai kwanta tun ƙarfe 9 ba waya ba hira, kuma ya wayi gari bai yi barcin kirki ba. Jikin mutum yana bukatar zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya kama shi sosai. A Garwa da Marwa da Kusseri da Njamena zafin rana yakan haura digiri 40 a bazara, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa yini yake yana shan zafin nan, da dare ya amayar da shi a kan mai ɗakin. Mafi yawan wutar da Garwa da Marwa da Ngaundere suka daɗe suna dogaro da ita daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, wadda aka gama ginawa a farkon shekarun 1980 da ƙarfin megawat 72, ruwanta kuma yakan ja baya ne a ƙarshen rani, wato daidai lokacin da fanka ta zama wajibi. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gider, an samu sauƙi, amma duk wanda ke zaune a nan ya san abin da ake nufi da rabon wuta. Sai mutum ya ɗauki tabarma ya fito tsakar gida, ya tarar da sauro da ƙarar janaretan maƙwabci, iska mai sanyi ba za ta fara kaɗawa ba sai wajen ƙarfe 3, barci yana fara daɗi ladan ya kira salla. Idan damina ta sauka zafi ya ragu, sai zazzaɓin cizon sauro ya karɓi aikin, uwa ta kwana zaune da yaro a cinya. Mata ma dai, su ne ƙarshen kwanciya su ne farkon tashi, balle mai ƙosai ko mai kunu da za ta hura wuta tun kafin asuba. Wanda zai ce wa irin waɗannan su riƙa kwanciya da wuri, bai faɗa musu abin da ba su sani ba.

A kan wannan gaɓar akwai wani bincike da ya fi kama da halinmu fiye da duk waɗanda aka yi a ƙasashen sanyi. An yi shi a birnin Chennai na Indiya, garin zafi da sauro da hayaniya, aka wallafa a 2021. Masu binciken sun ɗauki talakawa 452 aikin shigar da bayanai a kwamfuta na kusan wata guda, suka ɗaura musu na'urar auna barci. Sai aka ga mutanen suna yin kusan awa 8 a kwance, amma barcin da suke samu bai wuce awa 5 da rabi ba, shi ma a gutsuttsure. Aka ba wasu katifa da fanka da abin toshe kunne, aka yi ta ƙarfafa musu gwiwa, barcinsu na dare ya ƙaru da minti 27, amma aikinsu bai ƙaru ba, domin ƙarin da aka samu irin wancan barcin ne mai yankewa. Wasu kuma aka ba su damar kwanciyar rabin awa da rana a wurin aikin, a wuri mai shiru. Waɗannan su ne aka ga natsuwarsu ta ƙaru, hankalinsu ya fi kwanciya, abin da suke yi a cikin awa guda ma ya ƙaru. Gaskiya ita ce rabin awar ta rage musu tsawon lokacin aiki, don haka ba zan ce kailula kyauta ce da ba a biyan komai a kanta ba. Abin da na ɗauka shi ne, a inda dare ya gagara gyaruwa da sauri, ɗan barcin rana mai kyau yana yin abin da ƙarin juye-juye a kan tabarma da dare ba ya yi.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan. Aya ta 58 ta Suratun Nur, da ta lissafa lokuta uku da yara da masu hidima za su nemi izini kafin su shiga ɗaki, ta ambaci tsakar rana lokacin da mutane suke tuɓe tufafinsu, abin da ke nuna hutun rana sananne ne har aka gina masa ladabi. Sahabi Sahlu ɗan Sa'adu ya ce ba sa yin kailula ko cin abincin rana ranar Juma'a sai bayan salla, wato sauran ranaku ma abin yi ne. Manomin auduga ko na masakwa har gobe sammako yake yi, idan rana ta take ya nemi inuwa, la'asar ta yi ya koma. Tsarin ofis ne ya zo da wani abu dabam, inda ma'aikacin gwamnati a Kamaru yake shiga 7 da rabi ya tashi 3 da rabi a ɗaure, 'yan kasuwa da masu shaguna kuma suka ɗora nasu, daga safe har magariba, yaron shago ba shi da ikon ya kishingiɗa. Amma jiki bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Akwai agogo a cikinsa, wanda masana uku da suka gano yadda yake aiki suka samu kyautar Nobel a 2017, kuma wannan agogo yakan sassauta kuzarin mutum bayan azahar ko ya ci tuwo ko bai ci ba. Abin da muke samu a ƙarshe shi ne ma'aikaci a zaune a kujerarsa daga ƙarfe 1 zuwa 3, ido a buɗe, kai ba ya ja, takarda ɗaya tana gabansa awa guda. An hana shi barcin minti 20, an samu gyangyaɗin awa biyu.

A ofis ko shago asarar kuɗi ce da lokaci. A kan hanya kuwa rai ne. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 a farke, hannunsa da idonsa suna aiki kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da dokar tuƙi ta Faransa ta sa. Direban da ya tashi asuba ƙarfe 5, ya yini a tasha yana jiran mota ta cika, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17 ɗin nan, kuma mai yiwuwa a lokacin yana gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Garwa da mutane cike da mota. Mutumin da ko warin giya bai taɓa shaƙa ba, mai salla a kan lokaci, ga shi yana tuƙi kamar mashayi, mu fasinja muna yaba masa cewa jarumi ne ba ya tsayawa. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama: ido yakan rufe daƙiƙa uku ko huɗu ba tare da mai shi ya sani ba, motar da ke gudun kilomita 90 a awa kuwa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, ke nan cikin daƙiƙa huɗu ta yi mita 100 babu direba. A Tarayyar Turai doka ta tilasta wa direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa 9 a yini. Direban tirela da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena, tafiyar kimanin kilomita 1,800 har ya haye gadar Ngeli da ke kan iyakar Kamaru da Chadi, abin da ke kansa shi ne wayar mai kaya da ke tambayar ina ya kai.

Maganin da muka samar wa kanmu shi ne goro da shayi mai kauri da kofi. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma yana da kyau a san abin da yake yi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne yake kawo nauyin ido, barci ne kuma yake kwashe shi. Kafeyin ba ya kwashe komai, toshe ƙofar da saƙon gajiya ke shiga kawai yake yi, bashin yana nan yana taruwa. Bayan kimanin awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, don haka shayin ƙarfe 9 na dare yana tare da mai shi har ƙarfe 2. Ban ce a bar goro ba, ni ma ina ci, amma na mayar da nawa kafin la'asar. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne tramol, maganin kashe ciwo mai ƙarfi da wasu matasa masu haya da babur, 'yan kilando, da wasu leburori suke haɗiya don kada su ji gajiya. Yana kama mutum ya kasa bari, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma duk wa'azin da za a yi a kansa ba zai yi nisa ba matuƙar yaro yana da kuɗin da dole ya kai wa mai babur kowace yamma, wanda ba ya haɗuwa sai ya yi aiki daga asuba zuwa tsakar dare.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Za a ce talaka ba shi da lokacin barci, kana sammako wani a tafe ya kwana, mai nema kuma yana tare da samu. Ban musa ba. Amma tela da ya yanka shaddar mutane ba daidai ba a daren jajibirin salla, ribar ɗinki nawa zai mayar kafin ya biya? Ɗan kilandon da ya faɗi ya karye, wata nawa zai yi a kwance, wa zai ciyar da gidansa? Talaka shi ne ma wanda kuskure ɗaya yake iya rusawa, don ba shi da ajiyar da zai toshe ramin. Za a kuma ce idan aka buɗe ƙofar kailula a ofisoshi, ma'aikaci zai tafi gida azahar ba za a sake ganinsa ba sai gobe. Wannan tsoro yana da tushe, mun san halinmu. Shi ya sa abin da nake nema ƙayyadadde ne: minti 20 zuwa 30, a wurin aikin, bayan sallar azahar, bi da bi, yadda ba za a rufe ƙofa ga mai bukata ba. Gajartarsa ma tana cikin amfaninsa, domin wanda ya zarce awa guda yakan shiga barci mai nauyi, ya tashi jiki a mace, da dare kuma ido ya bushe. Hukumar NASA ta Amurka, mai binciken sararin samaniya, ta gwada irin wannan ga matuƙan jirgin sama masu dogon zango a shekarun 1990, aka ba su damar minti 40, suka yi barcin kimanin minti 26, aka ga sun fi takwarorinsu farkawa lokacin sauka. Idan za a yarda matuƙin jirgi ya runtsa, ban ga dalilin hana magatakarda ba.

Ga masu aiki a rana tsaka kuma, magina da masu dako da masu gyaran hanya, abin ya wuce barci ya kai ga tsare rai daga zafi. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun san cewa a can doka ta hana aiki a fili daga 12 da rabi zuwa ƙarfe 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara. Namu watannin Maris zuwa Mayu ne, kuma ban ga abin da zai hana gwamnonin jihohin arewa da shugabannin kasuwanni su zauna su tsara makamancin haka ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako a ayyukan da ba na gona ba, ta ce aikin da aka yi tsakanin 10 na dare da 6 na safe aikin dare ne, ta kuma wajabta hutun awa 24 a jere kowane mako. Amma mafi yawanmu muna aiki ne a inda wannan doka ba ta leƙawa. Mai gadin da ke kwana a ƙofar gidan wani, da safe ya tafi tura amalanke saboda albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, maigidan da ya kama shi yana gyangyaɗi ya kamata ya fara duba abin da yake biyansa kafin ya ɗaga murya. Haka kamfanonin sufuri, su sa direba biyu a doguwar tafiya, mu fasinja kuma mu daina yi wa direba tsawa idan ya tsaya ya ce zai ɗan kwanta.

Da na kai wa maigidana wannan magana bayan abin da ya faru da buhunan nan, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, Malam, ni ban hana kowa kwanciya ba, amma wa zai tsare mini sikeli? Na ce, Alhaji, a raba mu biyu. Haka aka yi. Akwai bishiyar dogonyaro a bayan sito, muka shimfiɗa tabarmi biyu a ƙarƙashinta, idan an idar da azahar rabinmu su kwanta rabin awa, su tashi sauran su karɓa, ƙaramin yaron shago ne yake riƙe da lokaci a wayarsa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ni ma na mayar da babban lissafi da biyan masu kaya zuwa safiya ko bayan na tashi, na daina yin su a tsakiyar zafi. A azumin 2024 da na 2025, da suka faɗo cikin Maris, ga sahur ga tahajjud a goman ƙarshe, har leburorin maƙwabta sun riƙa zuwa aron inuwar. Alhaji da kansa dai har yau bai yarda ya hau tabarmar ba. A kujerarsa yake zama, carbi a hannu, kai yana rangaji, idan aka taɓa shi ya ce zikiri yake yi.